Daji Ba Ya Son Ƙarfe? Martani Ga Mai Hana Masu Dajin Hanji Zuwa Ɗakin Tiyata

Na karanta sharhin da wani ɗan'uwa marubuci ya wallafa kwanan baya a kan ciwon dajin babban hanji, inda ya shawarci jama'a su yi nesa da ɗakin tiyata. Hujjarsa ita ce maganar nan da muka tashi muna ji a bakin iyaye da kakanni, cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙa ta taɓa shi ko iska ta shiga ciki sai ya harzuƙa ya bazu. Ya kawo labarin mutanen da ya sani, waɗanda suka shiga asibiti aka yi musu aiki, ba a yi wata nawa ba aka kai su makwanci. Ya ƙara da cewa wanda ya tsira ma da leda ake barinsa a gefen ciki, babu salla cikin natsuwa, babu shiga mutane. Sannan ya rufe da cewa gara a riƙi saiwa da sassaƙe da addu'a, a bar wa Allah sauran.

Malam, ban yi shakkar kyakkyawar niyyarka ba. Duk wanda ya raka nasa maƙabarta bayan an sayar da gona an biya kuɗin aiki, dole zuciyarsa ta nemi abin da za ta ɗora wa laifi. Allah Ya jiƙan waɗanda ka ambata, Ya ba iyalansu haƙuri. Sai dai abin da aka buga a jarida yana shiga gidajen da mai rubutun bai sani ba. A ɗaya daga cikin gidajen nan akwai magidanci da likita ya ba ranar aiki, yana ta wasiwasi, yana neman wanda zai ce masa kada ya je. Rubutunka ya ba shi abin da yake nema. Saboda wannan magidancin nake maka martani, domin a iya ilimin da ɗan Adam ke da shi a yau, dajin babban hanji yana warkewa ne idan an yanke shi an fitar, kuma babu wata hanya da ta kama ƙafar wannan.

Mu fara da mamatan da ka lissafa, domin nan ne ƙarfin maganarka yake. Tambayar da ba ka yi ba ita ce: a wane hali suka isa hannun likita?

Wannan ciwo ba rana ɗaya yake saukar wa mutum ba. Galibi yana farawa da ɗan tsiro a bangon hanji ta ciki, marar zafi, marar wata alama. Tsiron yakan ɗauki shekaru, sau da yawa goma ko fiye, kafin ya rikiɗe ya zama daji. Daga nan sai ya riƙa cin bangon hanjin daga ciki zuwa waje, ya kai ga kaluluwar da ke jere a jikin jijiyoyin da ke shayar da hanjin, sannan ya bi jini ya sauka a hanta, domin jinin hanji ta hanta yake fara bi, daga baya ya kai huhu. A kan wannan tafiya likitoci suka raba shi mataki huɗu. A na 1 da na 2 yana nan a hanji bai taɓa kaluluwa ba. A na 3 ya shiga kaluluwa. A na 4 ya tsallaka zuwa hanta ko huhu ko shimfiɗar ciki. Alƙaluman Amurka, inda ake bin diddigin masu ciwon sosai, sun nuna cewa cikin mutum 100 da aka gano nasu tun yana hanji kaɗai, kusan 90 suna raye bayan shekara biyar. Idan ya kai kaluluwa, 70 da ɗoriya. Idan ya tsallaka gaɓoɓi masu nisa, ba su kai 20 ba. Ka lura, waɗancan 90 ɗin kusan dukkansu wuƙa ta taɓa su. Da ƙarfe ne ke yaɗa daji, da su ne za su fara mutuwa.

To mu a nan ya muke yi? Mutum ya ga jini a bayan gida, ya ce basir ne. Matarsa ta ce basir ne, abokinsa ya ce shi ma yana da shi. A tasha da bakin kasuwa ga mai lasifika yana jero alamomi, kumburin ciki, tsugunni ba biyan buƙata, kasala, ciwon baya, ya ce duk basir ne, ga gari ga tsimi. Wanda bayan gidansa ke zuwa da majina da jini kuma a ce atini ne ko ɗankanoma. Haka za a ci wata shida, a ci shekara, wani har biyu. Mutum na ramewa, idonsa na yin fari saboda ƙarancin jini, ana canza mai magani. Ranar da za a nufi babban asibiti ita ce ranar da ƙarin ya toshe hanjin gaba ɗaya: ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai, babu bayan gida, ko iska ba ta fita. Da tsakar dare za a kwaso shi. Likitan fiɗa ba shi da zaɓi, ko ya buɗe cikin ko mutumin ya cika cikin 'yan kwanaki. Ya buɗe ya tarar hanta ta riga ta kamu. Bayan wata uku mutumin ya rasu, sai a zauna a wajen makoki a ce ai tunda aka taɓa shi da ƙarfe shi ke nan.

Magini da ya yaye rufin ɗaki ya tarar gara ta cinye azara, ba shi ya kawo garar ba. Ƙarin da ake gani a hanta ranar aiki ya ɗauki watanni yana girma kafin ido ya iya ganinsa. Ƙungiyar masu bincike ta ARGO, wadda likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kafa tare da cibiyar daji ta Memorial Sloan Kettering ta Amurka, ta bi diddigin masu wannan ciwo a Najeriya, ta tarar mafi yawansu a mataki na 3 ko na 4 suke zuwa, kuma shekarunsu ba su kai na masu ciwon a Turai da Amurka ba. Wannan shi ne asalin abin da ka gani, Malam. Aikin gaggawa a kan hanjin da ya toshe, a jikin da ya rame kuma jini ya ƙare, hatsarinsa ya ninka na aikin da aka shirya wa sau da yawa. Shawararka kuwa, in an bi ta, irin wannan aikin na tsakar dare take ƙara yawaitawa.

Akwai kuma waɗanda ba ka lissafa ba domin ba ka san da su ba. Bahaushe ba ya tsayawa a majalisa ya ce an yanke masa hanji. Wanda aka yi wa aiki da wuri ya warke, ya koma kasuwarsa, abin da maƙwabta suka sani shi ne ya yi 'yar jinya a Kano ko Zariya. Labarin mamaci kuwa kowa ya ji shi, domin an yi jana'iza an yi zaman makoki. Idan muka auna tiyata da labaran da ke yawo a gari, kullum rabin lissafi za mu riƙa gani.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da ake yi a ɗakin nan da ake tsoratar da shi. Babban hanji tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi ne. Yana tashi daga ƙasan ciki ta dama, ya hau, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari zuwa hagu, ya sauko, ya lanƙwasa, ya ƙare a dubura. Babban aikinsa tsotse ruwa daga abin da ƙaramin hanji ya gama sarrafawa, shi ya sa mutum zai iya rasa rabinsa, ko ma fiye, ya ci gaba da cin tuwonsa. Likita ba ya kankare ƙarin ko ya tsaga shi. Yana ɗaure jijiyar da ke kai wa wannan yanki jini tun daga tushenta, ya ɗauke yankin hanjin ɗungurungum da kitsen da ke riƙe da shi da kaluluwar da ke ciki, ya bar tazarar lafiyayyen hanji ta aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, sannan ya haɗa bakin biyu da suka rage da zare ko da na'urar ɗinki. Idan ƙarin na dama ne, ɓangaren dama ake cirewa a haɗa ƙaramin hanji da abin da ya saura. Idan na hagu ne ko na lanƙwasar ƙasa, can ake yanka. Wanda ke da ƙari fiye da ɗaya, ko irin dajin da ake gado, ana iya cire kusan duka. Abin da aka ciro a kai shi ɗakin gwaji, a duba aƙalla kaluluwa 12, domin sakamakon ne zai nuna ko aikin ya wadatar ko sai an bi shi da maganin dajin da ake kira kemo na wata uku zuwa shida. Wanda kuma aka yi sa'a aka ga tsironsa tun bai rikiɗe ba, ko yana farkon rikiɗewa, ba a ma buɗe cikinsa: da bututun kyamarar da ake leƙa hanji da shi ta dubura ake tsinke tsiron, ya koma gida a ranar.

A watan Yulin 1985 aka yi wa shugaban Amurka Ronald Reagan irin wannan aiki a asibitin sojojin ruwa na Bethesda, yana da shekara 74. An cire masa ɓangaren dama na babban hanji. Ya koma ofis ya ƙarasa wa'adinsa, ya rayu har 2004, ya rasu yana da shekara 93, kuma ba dajin hanji ne ajalinsa ba. Za ka ce ai shugaban Amurka ne. Haka ne, amma aikin da aka yi masa na buɗe ciki ne da hannu, irin wanda likitocin fiɗa ke yi a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da manyan asibitocin Yamai da Damagaram. Abin da ya fi mu da shi shi ne an gano nasa tun bai kai kaluluwa ba.

Ba zan ce tsoron yaɗuwar daji a wajen aiki ba shi da tushe ko kaɗan ba, domin likitocin fiɗa da kansu sun riga ka jin wannan tsoro, kuma sun bi shi da bincike. A 1967 wani likita a birnin Cleveland na Amurka, Rupert Turnbull, ya bayyana salon da ake ɗaure jijiyoyi tukuna kafin a taɓa ƙarin, don kada matsa shi ya tura ƙwayoyinsa cikin jini. Gwajin da aka yi daga baya bai nuna wani babban bambanci ba, amma ɗabi'ar taka-tsantsan ta zauna, har yau ana koya wa ɗalibai kada su fasa ƙari, kada su yi ta jagwalgwala shi, domin ƙarin da ya fashe a cikin ciki ya fi saurin dawowa. Da aka fara aikin hanji ta ƙananan huji da kyamara a 1991, sai aka samu rahotannin daji na tsirowa a bakin hujin. Hankalin likitoci ya tashi, da yawa suka dakata, aka shirya manyan gwaje-gwaje. Wanda aka fi sani, mai suna COST, an buga sakamakonsa a 2004, ya ƙunshi mutum 872 da aka raba gida biyu, wasu aka buɗe cikinsu, wasu aka yi musu ta huji. Dawowar daji a bakin rauni ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba a kowane gida, kuma yawan waɗanda suka rayu bai bambanta ba. Ka ga an ɗauki zargin da muhimmanci, an auna shi, an samu girmansa. Ƙasa da kashi ɗaya ne a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ciwon da in an bar shi ba ya barin kowa. Batun iska kuwa babu shi sam. Hanji da kansa cike yake da iska tun ranar da aka haifi mutum.

Ka jingina maganarka da hikimar magabata. To magabatan da suka san fiɗa ba haka suka ce ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe kashi na ƙarshe na littafinsa At-Tasrif ga aikin fiɗa, kuma Turai ta yi ƙarnoni tana karatu a kansa. Matsayinsa a kan daji shi ne a cire shi gaba ɗaya tun yana ƙarami, in yana wurin da hannu zai kai, amma in ya tsufa ya yi girma a ƙyale shi, domin shi bai ga wanda ya warkar da irinsa ba. Wannan ita ce maganar da likitan yau zai faɗa maka, sai dai wurin da hannu ke kaiwa ya faɗaɗa. A zamaninsa babu maganin sa barci irin na yau, wanda sai a 1846 aka fara nuna amfaninsa a Boston, babu kuma ilimin kashe ƙwayoyin cuta a rauni, wanda Joseph Lister ya bayyana a 1867. A wancan lokaci buɗe cikin mutum kusan hukuncin kisa ne, don haka wanda ya ce kada a taɓa dajin ciki gaskiya ya faɗa. Kakanninmu da suka ce daji ba ya son ƙarfe, abin da suka gani shi ne askar wanzami a kan ƙarin da ya riga ya ruɓe, ana tsaga shi ana barin saura. A kan wannan sun yi daidai. Kuskuren namu ne in muka ɗauki hukuncin aska muka ɗora wa aikin da ba su taɓa gani ba.

Sai batun leda, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ke korar mutanenmu, fiye da tsoron mutuwa. Na san akwai dattawan da za su ce gara su koma ga Allah da tsarkinsu da a fitar musu da hanji ta gefen ciki. Wannan magana ce ta mai kishin addininsa, ba a yi mata dariya. Amma akwai abubuwan da ya kamata ka faɗa wa masu karatunka ba ka faɗa ba.

Mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin dajin babban hanji a shirye, ba a sa musu jaka, wato ledar nan, ko ta kwana ɗaya. Ana yankewa a haɗe, su ci gaba da zagayawa yadda suka saba. Jaka ta fi zuwa a hali biyu. Na farko shi ne wancan aikin na tsakar dare, inda hanjin hagu ya toshe ko ya fashe, ciki ya gurɓace, likita ya ga in ya ɗinka ɗinkin ba zai kama ba. Sai ya cire ƙarin, ya rufe bakin ƙasa, ya fito da na sama ta fatar ciki. Wani likitan Faransa, Henri Hartmann, ya bayyana wannan salo a 1921, kuma da yawa ana mayar musu da hanjin bayan wasu watanni in jiki ya murmure, ko da yake ba kowa ba. Wato jinkirin da ake yi don gudun leda, shi ne babban mai jawo ledar. Hali na biyu shi ne dajin da ya sauka can ƙarshen hanji dab da dubura, har ya kama naman da ke riƙe bayan gida. Nan kam sai an cire duburar, jakar kuma ta zama ta har abada. Wannan aikin Ernest Miles ne na Landan, tun 1908. Amma ko a nan an samu ci gaba: salon da Bill Heald ya bayyana a Ingila a 1982, da na'urar ɗinki mai kaiwa can ƙasa, da gashin ƙari da na'ura da kuma kemo da ake yi kafin aiki don ƙarin ya ƙanƙance, sun sa ana tsirar da duburar mutane da yawa da a da sai an cire. Ba zan ɓoye ba, a ƙasarmu dajin ƙarshen hanji yana da yawa cikin masu zuwa asibiti, kuma suna zuwa a makare, don haka jakar dindindin ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

To wanda jakar ta zame wa dole, sallarsa fa? Malam, wannan mas'ala ba jiran likitocin zamani ta yi ba. Malaman mazhabar Malikiyya da muke karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zazzau da Agadas sun yi bayanin mai salisi, wanda fitsari ko bayan gida ko iska ke fita daga gare shi ba da ikonsa ba. In abin ya lizimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware masa alwala, sabuntawa mustahabbi ce a kansa in ba ta zame masa wahala ba, najasar da ba zai iya kauce mata ba kuma an yi masa rangwame a kanta. Muhtasar na Shehu Halil, wanda aka rubuta a Masar tun ƙarni na 14, har hukuncin abin da ke fita ta wata kafa da ta buɗe a ciki ya tattauna. Ko limancin mai salisi ga masu lafiya, karhanci aka ce, ba a ce sallar ta ɓaci ba. Mai jaka ya zubar da abin da ke ciki, ya tsaftace, ya yi alwala ya yi sallarsa, ya yi azumi in jikinsa zai iya, ya je Hajji. Duk wanda ke cikin wannan hali ya tafi wurin malamin fiƙihun da ya yarda da shi ya ji dalla-dalla. Bai dace marubuci ya yanke wa mutane hukuncin da malamai ba su yanke ba, alhali rai ne a tsakiya.

Wahalar jaka ta gaskiya a wurinmu wata ce daban, kuma da a kanta ka yi rubutu da na sa hannu. Daga waje ake shigo da jakunkunan, suna da tsada, ba a samunsu a ƙananan garuruwa. Zafin bazara da gumi suna sakin gam ɗin da ke riƙe su. Talaka kan koma ɗaura ledar kasuwa da tsumma, fatar wurin ta saɓule. Ma'aikatan jinya da suka ƙware a koya wa mutum kula da ita kaɗan ne. Ga matar da mijinta ya ƙaurace mata, ga magidancin da ya daina zuwa masallaci don kunya. Waɗannan matsaloli ne na kuɗi da tarbiyyar al'umma, kuma suna da magani.

Akwai inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Tiyata a nahiyarmu ta fi hatsari. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2018, wanda ya bi mutum fiye da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya nuna cewa majinyacinmu ya ninka matsakaicin duniya sau biyu wajen yiwuwar mutuwa bayan aiki, alhali ya fi ƙuruciya. Wani kuma a 2021, a ƙasashe 82, ya nuna cewa mai dajin hanji a ƙasashe matalauta ya fi na ƙasashe masu arziki yiwuwar rasuwa cikin kwana 30 bayan aiki da fiye da ninki huɗu. Amma ka duba dalilin da masu binciken suka gano. Ba dajin ne ke bazuwa cikin kwana 30 ba. Abin da ke faruwa shi ne matsala ta taso bayan aiki, misali ɗinkin hanji ya yi yoyo a kwana na huɗu ko na biyar, zazzaɓi ya tashi, bugun zuciya ya ƙaru, amma babu isassun ma'aikatan jinya da za su lura da wuri, babu hoton ciki a kusa, babu gado a sashen kulawa ta musamman, babu jini a ajiye. A inda ake da waɗannan, irin wannan matsalar tana faruwa, sai dai ana ceto mutum. Abin da wannan ke koya mana shi ne a zaɓi inda za a yi aikin, a guji ƙaramin asibitin da ba shi da wanda zai kwana a kan majinyaci, a kuma matsa wa gwamnatoci lamba. Majinyaci da danginsa suna da haƙƙin su tambayi likita: an ɗauki naman an gwada an tabbatar daji ne? An yi hoton ciki da ƙirji an san matakinsa? Wane yanki za a cire? Za a sa jaka, kuma ta wucin gadi ce ko ta dindindin? In matsala ta taso da dare wa zai duba shi? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Haka batun kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Asusun tallafa wa masu daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza ya soma. Mai dajin hanji yana da haƙƙin a yi masa magana a nan, kuma alƙalami irin naka zai yi tasiri.

Game da saiwa da sassaƙe, ba na cikin masu raina itatuwa. Ɗaya daga cikin magungunan kemo da ake ba masu dajin hanji, irinotekan, asalinsa daga wani itace ne na ƙasar Sin. Amma kafin a ba mutane shi sai da aka tace sinadarin, aka auna yawan da jiki zai ɗauka, aka gwada a kan ɗaruruwan majinyata, kuma duk da haka babu likitan da zai ce maka ya maye gurbin yanke ƙarin da za a iya yankewa. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi mutanen da ke da dajin da bai bazu ba, waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka riƙi na gargajiya kaɗai. A sakamakon da aka buga a 2018, masu dajin hanji a cikinsu sun fi takwarorinsu yiwuwar mutuwa da fiye da ninki huɗu. Wani nazari a mujallar likitocin Birtaniya a 2020 ya nuna cewa kowane jinkirin mako huɗu kafin aikin dajin babban hanji yana ƙara hatsarin mutuwa da kusan kashi 6 cikin 100. Mai cewa bari a gwada na gida wata uku, in bai yi ba a je asibiti, ya san abin da yake saya da wata ukun nan. Addu'a kuwa ba ta taɓa zama kishiyar magani ba. A yi ta kafin aiki, a yi ta a bakin ƙofar ɗakin tiyata, a yi ta bayan an fito.

Ba kowane mai dajin hanji ne wuƙa za ta amfana ba, wannan ma gaskiya ne. Wanda ciwon ya mamaye hantarsa da huhunsa, ƙarin kuma bai toshe hanji ba kuma ba ya zubar da jini, sau da yawa kemo ne ya fi masa, ko kuma kulawar rage raɗaɗi a cikin iyalinsa. Likitan da ya karɓi kuɗin irin wannan majinyaci da alkawarin warkewa ya ci amana. Wani lokaci kuma ana yin aiki a mataki na 4 don a buɗe hanyar da ta toshe kawai, mutum ya samu ya ci abinci ya daina amai a sauran kwanakinsa, kuma wajibi ne a gaya wa dangi haka ƙarara tun kafin a shiga, don kada su fito da zaton an yi maganin ciwon. Rashin wannan bayani yana cikin abin da ke raya maganar ƙarfe. Amma ko a mataki na 4 ƙofa ba ta rufe duka ba: wanda ƙarin hantarsa kaɗan ne kuma a wurin da za a iya yankewa, in aka cire na hanji da na hanta aka haɗa da kemo, kusan huɗu cikin goma suna kaiwa shekara biyar.

A shekarun 1970 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya yi suna da cewa wannan ciwo ba kasafai ake ganinsa a ƙauyukan Afirka ba, ya danganta hakan da cin abinci mai dusa da ganye. Abincinmu ya canza tun daga lokacin, birane sun cika, kuma asibitocinmu suna ganin ciwon a jikin 'yan shekara 30 da 40. A duniya shi ne daji na uku wajen yawa, na biyu wajen kisa, da sababbin masu kamuwa kusan miliyan 1.9 a 2020. Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45. Mu ba mu da tsarin gwajin kowa da kowa, don haka alamomi ne kaɗai jagoranmu, kuma su ne ake binnewa da sunan basir.

Roƙona gare ka, Malam, ka je asibitin koyarwa mafi kusa da kai, ka zauna da likitan fiɗa, ka nemi ya haɗa ka da wanda aka yi wa wannan aiki shekaru suka wuce, in ya amince, sannan ka sake rubutu a shafin da ka yi na farko. Kai kuma mai karatu, in kana ganin jini a bayan gida, ko yanayin bayan gidanka ya canza ya ƙi komawa daidai har makonni, ko kana ramewa ba dalili, ko an ce jininka ya yi ƙasa ba a san ta inda yake tafiya ba, musamman in wani a danginku ya taɓa yin wannan ciwo, kada ka yarda da sunan basir sai likita ya duba ka, in ya ce a leƙa hanji a leƙa. In kuma an riga an gano ciwon an ba ka ranar aiki, ka yi tambayoyinka, ka yi addu'arka, ka je ranar da aka ba ka.